Ina za mu kai yara, kuma wa zai zauna ya saurari laccar kimiyya a Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Sakkwato. Mu biyar muka haɗa kai, muna son mu riƙa shirya lacca kan kimiyya sau ɗaya a wata wadda kowa zai iya zuwa, mu kuma riƙa fita da ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi kowane zango. Damuwarmu ita ce ba mu ga gidan nune-nunen kimiyya irin na manyan biranen waje a garin nan ba, kuɗi kuma babu. Ina za mu kai yaran, kuma yaya za mu yi jama'a su zo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka a wannan niyya taku. Na daɗe a wannan hidima, na sha rana na kuma sha kunya, don haka zan gaya maka abin da na ga ya yi da wanda na ga ya watse. Amma ga ɗan aiki tukuna. Ka samo guntun farin dutsen nan na wajajen Kalambaina, ka kankare gefensa ya yi gari, ka matsa lemun tsami a kai, ka kai kunne kusa. Za ka ga ƙananan kumfa suna tashi, har ka ji motsinsu. Ka gwada da jan marmara, shiru kake ji. In ka iya yi wa ɗan aji ɗaya bayanin wannan bambanci da Hausa, laccarku ta farko ta samu, kun kuma san inda za ku fara zuwa.

Wannan dutse farar ƙasa ce da ta taru daga ɓawon halittun ruwa, irin su makankari da dodon koɗi, waɗanda suka mutu suka kwanta a ƙasan teku, wasu bisa wasu, har suka dunƙule. Tsamin lemu ne ke warware shi, iskar kabon da ke ɗaure a ciki ta samu hanyar fita. Teku fa na ce, a nan inda muke rububin inuwar dogonyaro. Sama da shekara miliyan 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya shafe wurin da garin nan yake zaune. Wanda ya sa ido sosai a kan duwatsun da ake haƙowa zai ga ɓawon da idonsa, wani a murɗe, wani a faɗaɗe. Duk ɗalibin da ya karanta ilimin duwatsun Najeriya, a Ibadan yake ko a Ingila, sai ya haddace sunayen garuruwanmu, domin da su aka raɗa wa shimfiɗun duwatsun wannan yanki suna: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Daga ƙasa zuwa sama ke nan, daga wadda ta fi tsufa zuwa ta baya-bayan nan. A shimfiɗar Dukamaje aka tono kasusuwan wata dabbar teku 'yar dangin guza da damo. An fara rubuta bayaninta a 1930, sannan a 1972 wasu masana daga Italiya suka raɗa mata Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Akwai kuma wani tsohon kada da ake kira Sokotosuchus. Yaron da aka yanke wa cibiya a Goronyo yana iya gama sakandare bai taɓa jin cewa akwai dabbar da duniya ta sani da sunan garinsu ba. Ni wannan ya fi ci mini rai a kan rashin gidan nune-nune.

To, ga inda masu shirya irin wannan fita suka fi tuntuɓe. Sukan fara da neman wuri, a cika bas da yara, a je a zagaya, a ɗauki hoto a bakin ƙofa, a sha lemo a dawo. Washegari ka tambayi yaro me ya gani, ya ce maka an ba su biskit. Ku fara da tambaya guda ɗaya tak wadda yaran suka kwana da ita a ka, sannan ku nemi wurin da amsarta take. In kuna da tambayar, za ku tarar garin nan ya ishe ku shekara biyar ba ku maimaita wuri ba.

Ɗauki kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yana hannun BUA. Tambayar da za ku je da ita: yaya dutse ke zama gari, garin kuma ya koma dutse? Ana niƙa farar ƙasa da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa wanda zafinsa ke kai wa wajen digiri 1,450, abin ya fito ƙwallaye-ƙwallaye, shi ne kilinka. Sai a sake niƙawa da ɗan jifsam, don kada kwaɓi ya sandare a hannun birkila kafin ya ɗora bulo. Abin da yakan ba yara mamaki, har da manya, shi ne siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwan, ruwan ya zama ɓangaren jikinsa. Shi ya sa mai buga bulo na kirki yake kwanaki yana ba bulonsa ruwa, wanda kuma ya bar shi a ranar Sakkwato ya bushe da wuri sai ka murje shi da yatsa. Masana'anta tana da dokokinta, ba dole ta karɓi yara a lokacin da kuke so ba. In ba ta samu ba, gidan bulon unguwarku ya isa. Ku buga bulo huɗu, biyu ku riƙa ba su ruwa mako guda, biyu ku ƙyale, sannan yara su sako su daga tsawo ɗaya su gani.

Abu na biyu ko kuɗin mota ba ya ci, kuma shi na fi so. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen 25 ga Afrilu da wajen 18 ga Agusta, rana kan bi daidai ta tsakar kanmu, inuwar duk abin da ke tsaye cak ta shige ƙarƙashinsa ta ɓuya. Ba da sha biyu daidai abin ke faruwa ba. Agogon Najeriya da layin digiri 15 gabas aka saita shi, wanda ya bi ta wajen babban birnin Chadi, mu kuwa muna kan digiri 5 da 'yan kai, don haka tsakar ranarmu sai wajen ƙarfe 12:40. Wannan tazara ce ma ta sa mutanen Maiduguri ke riga mu shan ruwa da azumi da kusan rabin awa, kuma in ka faɗi haka a taro za ka ga dattawa sun gyara zama.

Ku sami fili shimfiɗaɗɗe, ku kafa taɓarya da kwalabe da sanda mai tsawon mita ɗaya. Ku rataya igiya da dutse a bakinta don ku tabbatar sandar ba ta karkace ba. Daga sha ɗaya da rabi, duk minti goma yaro ɗaya ya fito ya sa alama a bakin inuwa ya koma gindin itace, domin ranar Afrilu a garin nan ba ta wasa. Ku gayyaci limamin unguwa da ladan, kada ku ce sun zo kallo ne, su ma masu bayani ne. Abin da kuke aunawa shi ne zawalin da ake karantawa a littattafan fiƙihu a zaure: inuwa ta yi ta raguwa har ta tsaya, da ta fara ƙaruwa azahar ta shiga, la'asar kuma sai inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. A waɗannan ranaku biyu inuwar zawalin babu ita sam. Tsakanin Afrilu da Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran watannin shekara arewa, kuma wannan ne dalilin da masu haɗa sola suke karkata farantinsu ya dubi kudu, ko da wasunsu gadon abin suka yi daga maigidansu ba tare da an gaya musu dalili ba.

In kuna son abin ya yi armashi, ku nemi wata makaranta a Akure, wadda ke kudu da mu kusan a miƙe, tazarar kilomita 645 in an ja layi ba a bi hanya ba. A daidai lokacin da sandarku ba ta da inuwa, tasu mai mita ɗaya za ta yi inuwa ta kusan santimita 10, wato karkatar da ta kusa digiri 6. Yara su raba 360 da wannan karkata, su ninka da tazarar, sai ga kewayen duniya ya fito, wajen kilomita 40,000. Da irin wannan dabara wani masani Bagirke ya auna duniya a Iskandariya ta Masar sama da shekara 2,200 da suka wuce. Shi sai da ya dogara da lissafin matafiya, ku kuwa kiran waya ɗaya ne.

Akwai kuma ranar alƙibla. Ran 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da ran 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana kan Ka'aba daidai. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma ta zana masa layin a ƙasa. Na Mayu ya fi, Yuli hadari yakan ɓata. Mu Hausawa da gabas da alƙibla kalma ɗaya muke kiransu, amma daga Sakkwato alƙibla ta ɗan karkata arewa da gabas da kimanin digiri 19. Sai dai kashedi, Malam: kada ɗokin ilimi ya kai ku auna masallacin mutane ku fito kuna cewa ya karkace. A filin makaranta za ku yi, liman ya riƙe bakin igiya da hannunsa. Abin da ya gani, shi ya san yadda zai yi da shi.

Kallon sama da dare kuwa, lokacinsa ƙarshen damina ne, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama kuma hazon hunturu bai sauko ba. Makon sararin samaniya na duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, ya faɗo muku daidai. Kada ku zaɓi daren sha huɗu, haskensa yawa gare shi, wata yakan fito fari fat kamar faifai. Daren bakwai ko takwas ga wata ya fi, domin a nan ramuka da tsaunukan da ke jikinsa suke yin inuwa. Ko ba ku da babban madubin hangen nesa, tabaran hangen nesa na hannu da aka ɗaure a jikin sanda zai nuna su, in Mushtari, wato Jupiter, yana sama kuma har 'yan watanninsa kuna iya tsinkaya kamar ƙwayar gero a gefensa. Ku fara da sunayen da kakanni suka sani. Ku nuna Kaza da 'ya'yanta. Ku tambayi jama'a ina Zara matar wata take zuwa in ta ɓace da yamma, sannan ku gaya musu ita ce dai Gamzakin da ke fitowa da asuba, duniya guda ce mai suna biyu, kuma ba ta taɓa fitowa a tsakar dare. Garin da daga fadarsa ake sanar da ganin wata ga ƙasa baki ɗaya bai kamata a ce yaransa ba su san dalilin da wata ke yin kwana 29 wani lokaci, wani lokaci 30 ba. In husufin rana ya zo, irin wanda ya ratsa arewa maso yammacin ƙasar nan ran 29 ga Maris 2006, kada kowa ya dubi rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau ko fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, balle ta madubin hangen nesa. A ɗaga matankaɗi ko rariya a dubi ƙasa, kowace ƙofa za ta zana ranar da gutsurenta.

Sai cikin gari, inda na tabbata yawancin ɗalibanka suna ratsawa kullum ba su san ɗakin gwaji suke wucewa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su bayan ta ƙetare Sahara. Ku je wurin majema da tambaya ɗaya: me ya hana fata ruɓewa? Za su nuna muku yadda toka ke sassauta gashi, yadda kashin kaji ko na tattabaru ke tausasa fata, da yadda ruwan bagaruwa ke kama naman fatar ya ɗaure shi har ƙwayoyin ruɓa su rasa abin ci. Daga nan ku bi fatar zuwa Madunka ku ga jan da ake samu daga karan dafi da kanwa, da baƙin da ake samu daga ƙarfe. Wannan baƙin kuna iya maimaita shi a aji: ku jiƙa bagaruwa, ku jiƙa tsatsattsun ƙusoshi a ruwan lemun tsami, ku haɗa ruwan biyu, nan take ya koma kamar tawada. In kun sami karofin da ke aiki, ku sa yara su lura da launin zane lokacin da aka tsamo shi, kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonsu. A Maƙera Assada kuwa tambayar ita ce me zuga-zugi ke ƙara wa wuta, kuma me ya sa ƙarfen da aka tsoma a ruwa da zafinsa yake tauri amma ya fi saurin karyewa.

A irin waɗannan wurare mai sana'a shi ne malami, kai tafinta ne kawai tsakaninsa da littafi. Ku bi ta hannun shugabanninsu, ku je gaisuwa tun kafin ranar, da ɗan gari akan ci gari. Ku ba shi wani abu, domin kun tsayar masa da aiki. Ku ja wa yara kunne kan toshe hanci da yatsine fuska a majema. Warin na nan, ba ƙarya, amma abincin wani ne, kuma yaron da ya raina shi ba zai koyi komai ba.

Sauran wuraren zan bi su da sauri. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982 take aiki a kan girki da busar da amfanin gona da zafin rana, da murhu mai cin itace kaɗan, da gas ɗin kashin shanu. Gidan ruwa zai nuna yadda alam ke tattara lakar ruwan Rima ta kwanta, ku dawo ku gwada da dakakken irin zogale a kwalba biyu. Ma'aikatan hasashen yanayi a filin jirgin Sultan Abubakar III suna da ma'aunin ruwan sama da na iska, kuma gwangwani da rula sun isa ku kafa naku a makaranta. A fadamar Kwalkwalawa, a kan hanyar jami'a, ku tambayi yara daga ina ruwan da ya yanke wannan hanya a Satumbar 2010 ya fito, alhali ba a kanmu duka aka yi shi ba, sai taswira ta nuna musu cewa ruwan da ya sauka a Katsina da Zamfara da ƙasar Maraɗi ta nan yake bi. A Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ku roƙi a nuna musu rubuce-rubucen hannu, ku gaya musu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya yi rubutu a kan magani da cututtuka.

Yanzu lacca. Ta farko da na shirya wa jama'a, na kama babban zaure, na gayyato farfesa, na buga katin gayyata da Turanci, na sa ƙarfe goma na safe ranar aiki. Aka yi awa guda ana jiran babban baƙo, aka yi wata ana gabatar da manyan baƙi, da mai lacca ya miƙe wuta ta ɗauke, majigi ya mutu, ya ci gaba da karanta takarda. Da aka tashi ba kowa sai ɗaliban da malamansu suka tsare ƙofa. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne. Na kira mutane zuwa inda ba su saba shiga ba, a lokacin da suke neman abinci, da harshen da ba shi suke ciniki da shi ba.

Garin nan yana da tsohon tsarin da ya fi wannan. Nana Asma'u ba ta jira matan karkara su taru a zaure ɗaya ba, jajoji ta horar, suka riƙa kai karatu har inda matan suke, cikin waƙa da harshen da suke ji. Ku ku je. Filin firamaren unguwa ko ƙofar gidan mai unguwa, bayan la'asar zuwa kiran magariba, tabarmi da benci da lasifika ɗaya. Mata kuma a yi musu nasu a Islamiyyar matan aure, mace ta yi bayani, akwai likitoci da malaman jami'a mata da za su amsa in an roƙe su da mutunci. Ranar Alhamis makarantun allo ba karatu, in kun bi ta hannun malaminsu za ku sami masu sauraren da suka fi kowa tambaya.

Mai magana kada ya wuce minti ashirin, sauran lokacin na tambaya ne. Kuma kada ya zo hannu rabbana, sai da abin da za a taɓa ko a gani. Kafin ka gayyaci kowa, komai girman digirinsa, ka sa ya yi maka bayanin da Hausa na minti biyar. In jimla uku ba ta wuce ba sai ya koma Turanci, ka gode masa, ka ajiye shi don 'yan ajin ƙarshe, waɗanda ya kamata ma ku riƙa kai su laccocin da sababbin farfesoshi ke gabatarwa a jami'a, tunda ƙofa a buɗe take. Wanda Sakkwatanci ya zauna a bakinsa ya yi da shi, ya fi shiga. Inda babu kalmar Hausa a ari ta waje, amma a nuna abin. Ku kuma saba wa masu magana da cewa ban sani ba, zan bincika in dawo. Malaman zaure sun riga mu sanin darajar wannan kalma.

Batutuwa ku ɗebo su daga abin da ke hana mutane barci. Gwajin jini kafin aure, misali. Ku zuba farin wake da jan wake daidai wa daida a jaka biyu, ɗaya uwa ɗaya uba masu AS, mutane su riƙa zaro ɗaya daga kowace. Bayan an zara sau arba'in za su ga ja da ja yana fitowa kusan sau ɗaya cikin huɗu, za su kuma ga yana iya fitowa sau biyu a jere, domin kowane ciki da nasa rabon, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya an huta sai bayan uku ba. Akwai sanƙarau da ke zuwa da bazara, da tsargiyar da yara ke ɗauka a ruwa mai dodon koɗi, da dalilin ruɓewar albasa a rudu. Akwai cutar noma mai cin fuskar ƙananan yara, wadda asibitinta ke garin nan tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Wannan ku gayyato ma'aikatan lafiya su zo su yi bayani. Kada ku kwashi ɗalibai ku kai su kallon marasa lafiya, asibiti ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Ranar da za ku ambaci shekara miliyan 55, wani zai miƙe. Kada ku yi gardama, kada kuma ku mayar da taron tafsiri, ba fagenku ba ne. Ku faɗi abin da aka gani, da yadda aka auna, ku miƙa masa dutsen ya juya a hannunsa. Ni nakan je wurin liman tun da kwana biyu in nuna masa abin da za a faɗa. Sau da yawa shi da kansa yake buɗe taron da ayar Suratul Ankabut mai umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta, in ya yi haka kuwa sauran aikin ya yi sauƙi.

Fita da yaran mutane amana ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku je wurin da kanku mako guda kafin nan, ku san inuwa, ku san makewayi, ku san wanda zai buɗe ƙofa da lambar wayarsa. Na taɓa dogara da takarda kawai, na tsaya da yara sama da tamanin a bakin wata ƙofa cikin zafin bazara, mai makulli ya yi tafiya, har yarinya ɗaya ta yanke jiki ta faɗi. Tun ranar ba na wuce yara talatin, babba ɗaya ga yara goma, da malama mace in akwai 'yan mata. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin fita, a tashi da sassafe a dawo kafin azahar. Ruwa ya wadata, da gishiri da sukari. Ku san masu sikila da masu asma tun daga gida, masu asma su sa takunkumi wurin ƙura. Ba mai shiga gulbi ko da ƙafa. Izinin iyaye a rubuce. Madatsar ruwan Goronyo da aka gama a 1984 da kufan Surame wurare ne masu kyau, amma muddin hanyoyin nan ba su kwanta ba, kada ku kai ɗan kowa. Ku kawo wa yaran hoto da taswira, cikin birni da kewaye ya wadatar.

Kuɗi kuwa, bas ne ke cinye su, shi ya sa na jera muku abin da ake zuwa a ƙafa. Kada ku buga riga, kada ku kama zaure, kada ku yi babban baƙo. Ku ɗauki kowace lacca a waya ku yanka ta gajeru-gajeru ku watsa a WhatsApp, ku kai wa gidajen rediyo irin su Rima su ji ko za su sa. Kowane yaro ya dawo daga fita da shafi ɗaya na abin da ya gani da zanen hannunsa, ku tara su a fayil, domin shi za ku nuna wa ƙungiyar iyaye da malamai ranar da za ku nemi kuɗin mota. Takardar neman izini kuma kada ka aika, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tafi ofishin shugaban makarantarku da dutsen nan da lemun tsami a aljihu, ka matsa a kan teburinsa, in ya tambaye ka mene ne wannan, sai ka ciro takardar.